Kafin A Ruga Wurin Mai Gyara

Akwai wani abu da ya faru a unguwarmu wanda har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Wata maƙwabciyarmu tana da 'ya a ajin ƙarshe na kwalejin ilimi. Yarinyar ta shafe wata huɗu tana rubuta aikin bincikenta na kammala karatu a laftof ɗin da kawunta ya saya mata. Saura mako biyu ta miƙa aikin, sai wata safiya ta danna maɓalli, kwamfutar ta nuna tambarin kamfani, ta tsaya cik. Ta kashe ta kunna, ta sake kashewa ta kunna, shiru. Hankali ya tashi, ita da uwarta suka nufi kasuwa wurin masu gyara. Kafin yamma sun dawo da kwamfuta tana aiki sumul kamar yau aka saye ta. Sai da suka zauna yarinyar ta duba, ta tarar ba babi ko ɗaya. Mai gyaran ya yi mata abin da suke kira fomat, wato ya share duk abin da ke cikinta ya zuba sabuwar Windows.

Da suka koma masa, sai ya ce, “Ai Mama, ba ku gaya mini akwai abu a ciki ba.” Kuma da gaskiyarsa. Shi bai tambaya ba, su ma ba su faɗa ba. Abin takaicin shi ne, faifan da ya karɓi sabuwar Windows lami lafiya, alama ce cewa ba shi ne ya lalace ba. Wato a lokacin da suka miƙa masa kwamfutar, aikin yarinyar yana nan a ciki daram. Gaggawa ce ta cinye shi.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi amfani da wannan fili na mujallar makarantarmu ta bana in faɗi ra'ayina. Ra'ayin kuwa shi ne, duk gidan da aka ajiye kwamfuta ya kamata a sami ko da mutum ɗaya, namiji ko mace, ko da ɗan aji uku ne, wanda ya san yadda ake bin sawun matsala daki-daki in ta ƙi tashi, kafin a sa takalmi a nufi kasuwa. A ganina kuma mu malamai ne ya wajaba mu koyar da wannan, gama bai fi ƙarfin ɗalibin da ke iya haɗa batir da ƙwan fitila a ɗakin gwaje-gwaje ba.

Da farko dai mu rage cewa “kwamfuta ta mutu”. In mutum ya je asibiti ya ce wa likita ba shi da lafiya, ai bai faɗi kome ba tukuna. Sai likita ya tambaye shi: ina ke ciwo, yaushe ya fara, me ka ci jiya? Haka kwamfuta take. Tashinta matakai ne guda huɗu masu bin juna, kuma ɗaliban kwana za su gane su nan da nan. Da fari wuta ta shiga jikinta, kamar bugun ƙararrawar asuba. Sai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kan babban farantin cikinta, wanda masu gyara ke kira bod, ta yi kiran suna. Sunan wannan manhaja BIOS, ko UEFI a kwamfutocin baya-bayan nan. Ita ke tambaya: ƙwaƙwalwa tana nan? RAM yana nan? Allo fa? In kowa ya amsa, sai ta nemi faifan da aka ajiye Windows a kansa, kamar yadda ake neman mai riƙe da mabuɗin aji. Daga ƙarshe Windows ta buɗe, a soma darasi. Kowane mataki yana da alamarsa in ya ci tura. Saboda haka tambayar farko ita ce, a wane mataki ta tsaya?

In an danna maɓalli ba fitilar da ta kama, ba motsin fanka, ba ƙarar kome, to ko ƙararrawar ma ba a buga ba. A nan bango za a fara dubawa, ba kwamfuta ba. A sa cajar waya ko fitila a wannan soket ɗin a gani ko akwai wuta. In ta ekstenshan aka jona, a cire a kai ta bango kai tsaye. A duba ko wayar wutar ta zauna sosai a bayan kwamfutar, gama mai shara kan ja ta da tsintsiya bai sani ba. Yawancin kwamfutocin tebur suna da wani makunni a baya kusa da inda wayar ke shiga, yara kuma suna son wasa da shi. Sai kuma filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi, a cikinsa akwai fiyus, mai lamba 3, 5 ko 13. Ni kaina na taɓa kwana uku ina jimamin kwamfutar gidana, har na fara lissafin kuɗin wata, ashe fiyus ne ya ƙone. Kuɗinsa bai kai na burodi ba. In haka ta faru a saka sabo mai lamba irin ta tsohon. Kada a ɗaure wurin da siririyar waya kamar yadda wasu ke yi, domin fiyus ɗin yana ƙonewa ne don kada gida ya ƙone.

In laftof ce, a duba fitilar caja, a kuma shafa wayar cajar daga farko zuwa ƙarshe ko ta karye ko ɓera ya ci. Sannan a cire caja, a cire batir in mai fita ne, a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30, a mai da caja a gwada. Wannan yakan zubar da ragowar wutar da ta maƙale, kuma sau da yawa shi ke nan. Kada a ari kowace caja don bakinta ya shiga. Akwai rubutu a jikin caja da ƙarƙashin laftof mai nuna ƙarfin wutar da take sha, yawanci bolt 19 zuwa 20, sai an ga sun dace.

Akwai gargaɗi ɗaya ga masu sayen kwamfutar tebur ta gwanjo. Wasu tsofaffi suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. In kwamfutar daga can ta fito, makunnin kuma yana kan 115, aka jona ta a nan, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. A duba shi kafin a jona, kuma a hana yara taɓa shi.

Mataki na biyu shi ne a ji fanka na juyawa, fitila ta kama, amma allo baƙi ƙirin. A kwamfutar tebur, allon yana da tasa wutar da tasa wayar da ta haɗa shi da kwamfutar, duka biyun sai a duba. A laftof, a haska tocila daf da allon. In an ga rubutu dishi-dishi, kwamfutar ta tashi, fitilar bayan allon ce ta mutu. Ko a haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI a gani. In duk wannan bai nuna kome ba, a kasa kunne. Wasu kwamfutoci kan yi tsuwa, wasu su riƙa ƙyafta fitila da wani lissafi, kamar dogo ɗaya gajeru biyu. Wannan magana ce take yi, tana faɗin wanda bai amsa kiran suna ba. Ma'anar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a ƙirga, a rubuta, a nemi bayanin a littafin kwamfutar ko a shafin kamfanin ta intanet.

Wanda ya fi yawan ƙin amsawa shi ne RAM, wani siririn faranti mai tsawon yatsa ko fiye, mai haƙora masu ruwan zinariya. Ƙurar hunturu, da jijjigar hanya, da zafi, sukan sa ya ɗan ɗaga daga mazauninsa. Maganinsa shi ne a cire wuta gaba ɗaya, a buɗe, a zare shi, a share ƙurar da busasshen burushi mai laushi, a mai da shi har a ji ya yi ƙas. In guda biyu ne a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai kafin a taɓa kome a ciki, a fara taɓa ƙarfen jikin kwamfutar, a kuma riƙe farantin ta gefe. Dalili kuwa, wannan ɗan tartsatsin da kan ja mutum in ya taɓa ƙofar mota lokacin hunturu ya isa ya kashe ƙananan sassan ciki, kuma busasshiyar iska ce ke ƙara shi.

Kada mai karatu ya yi mamakin cewa ƙaramin abu na iya tsai da babbar na'ura. A ranar 9 ga Satumba 1947, masu aiki da wata ƙatuwar na'urar lissafi mai suna Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka sun bi sawun wata matsala har suka tarar da ƙwaro, irin mai bin fitila da dare, ya maƙale a wani makunni. Suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu. Mu da ke fama da kyankyasai da tururuwa da ƙura, ai mun fi su dalilin dubawa.

Mataki na uku shi ne allo ya nuna rubutu ya tsaya. A nan ne nake da ƙorafi a kan ɗalibanmu. Yaro zai zo ya ce, “Malam, ta rubuta wani abu.” Me ta rubuta? “Ban karanta ba.” Wannan shi ne ciwon da muke gani a ɗakin jarrabawa, a amsa tambaya ba a karanta ta ba. A karanta saƙon, a kwafe shi harafi da harafi, ko a ɗauki hotonsa da waya. In yana cewa ba a sami faifan da za a tashi da shi ba, a duba ko an manta da filashi a jiki, gama kwamfutar kan nemi Windows a cikinsa ta rasa. A zare duk abin da aka jona, har firinta, a sake gwadawa. In kuwa kullum kwanan wata da agogo suna komawa baya, ko tana neman a danna F1 kafin ta ci gaba, to wani ɗan batir ne mai kama da kwabo a kan bod ya ƙare. Yawanci lambarsa CR2032, bolt 3, kuma masu gyaran agogo ma suna sayar da shi.

Amma in ana jin wani sauti ƙas, ƙas, ƙas yana maimaituwa daga ciki, a kashe nan take, kada a sake kunnawa. Tsohon samfurin faifai yana da faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a kansa. Wannan sautin alama ce cewa allurar ta rikice, kuma kowace kunnawa na iya ƙara kankare abin da aka ajiye. Wannan aikin gwani ne.

Mataki na huɗu shi ne irin na 'yar maƙwabciyarmu: tambari ya fito, Windows ta fara buɗewa, sai ta tsaya, ko ta nuna saƙon kuskure ta sake tashi. Tambayar da za a yi a nan ita ce, me ya canza tun ranar da ta yi aiki lafiya? An sa sabuwar manhaja? An ɗauke wuta tana tsakiyar sabunta kanta? An jona wani sabon abu? A ranar 19 ga Yuli 2024, wani gyaran manhaja mai kuskure da kamfanin CrowdStrike ya aika ya hana kwamfutoci masu Windows tashi a faɗin duniya, kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin kamfanin Microsoft. Aka soke tashin jirage, aikin bankuna da asibitoci ya tsaya. Amma ba ƙarfen da ya lalace. Maganin da aka bayar shi ne a tashi kwamfutar ta wata hanya ta musamman a goge fayil guda. Da duk an ruga an yi fomat, da asarar ta ninka.

Wannan hanya ta musamman tana nan a kwamfutar gida ma. Windows 10 da 11, in suka kasa tashi sau biyu ko uku a jere, sukan buɗe wani shafin gyara da kansu. Daga nan ana iya shiga abin da ake kira Safe Mode, wato a tashe ta da mafi ƙarancin kayan aiki, ana iya cire sabuntawar da ta jawo matsala, ko a mai da ita yadda take kwanakin baya. Ko da ta kai ga sake zuba Windows, akwai zaɓin da ke barin takardun mutum. Fomat shi ne ƙarshen shawara, kuma ba a yinsa sai an kwashe kaya.

A duk matakan nan doka ɗaya ce: a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako, sannan a wuce. Wanda ya canza waya da soket da RAM a lokaci guda, ko ta tashi bai san abin da ya warkar da ita ba, gobe kuma in ta sake yana nan inda yake.

To, na san akwai masu ja da wannan ra'ayi. Wani uba zai ce, “Malam, kuɗi na zuba, ba zan bar yaro ya kwance mini ita ba.” Tsoronsa yana da tushe. Amma a lura, yawancin abin da na lissafa ba ya bukatar sukudireba, ido ne da kunne da haƙuri. Kuma akwai iyaka da ba a ƙetarewa. Kada kowa ya buɗe akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar tebur, ko cajar laftof, domin sukan riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an cire su daga bango. In an ji ƙauri, ko batir ya kumbura, ko ruwa ya zube a ciki, a cire wuta a tsaya. In sabuwa ce da garanti, a mai da ita inda aka saya ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba. Sanin inda za a tsaya yana cikin abin da nake so a koyar. Yaron da aka hana shi sani, shi ne zai buɗe ta a ɓoye ran da ba kowa a gida.

Wani kuma zai ce, ai masu gyara don haka suke, a bar su su ci abinci. Ban ce a ƙaurace musu ba, kuma ban ce macuta ne ba. Da yawansu sun fi mu sanin wannan aiki nesa ba kusa ba. Sai dai mai gyara yana da kwamfuta goma a gabansa, fomat kuma ita ce hanya mafi sauri. Shi na'ura yake gani. Mai ita ne kaɗai ya san cewa akwai hotunan bikin aure a ciki, da lissafin shago, da sakamakon jarrabawar aji guda. Wanda ya je ya ce, “Fanka na juyawa, allo ba ya nuna kome, na gwada talabijin, na cire RAM na mayar,” ya rage wa mai gyara rabin aiki, ya kuma rage wa kansa kuɗi.

Saboda haka in tafiyar ta zama dole, maganar farko ita ce, “Akwai takarduna a ciki, kada a share kome sai an kwashe mini su.” Wannan ba abu mai wuya ba ne. A yawancin kwamfutoci ana iya ciro faifan a jona shi da wata, ko a tashi kwamfutar da filashi mai ɗauke da Ubuntu a kwafe kayan. In Windows ta kulle faifan da abin da ake kira BitLocker, sai an sami mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda galibi yake ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Gara a nemo shi a rubuta tun ana zaune lafiya. Kuma in an ce an canza wani sashe, a nemi tsohon a gani.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane faifai rana ɗaya zai gaza, ko tsohon samfuri ne ko sabon da ake kira SSD. Duk aikin da ke wuri ɗaya tak, a ɗauka aronsa aka yi. A kwafe shi a filashi, a kuma aika wa kai ta imel, ko a ajiye a Google Drive, inda ake ba da gigabait 15 kyauta. A cire kwamfuta daga bango lokacin da ake tayar da janareta da lokacin tsawa a damina. Mai hali ya sayi sitabilaiza ko UPS. A kuma bar mata hanyar shan iska, kada a ɗora laftof a kan katifa.

Ga hukumar makaranta kuwa, roƙona ƙarami ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, muna kuwa ƙoƙari wajen koya wa yara danna amsa. Amma yaron da ya iya dannawa kaɗai, ran da allo ya yi duhu ya zama baƙo. Akwai tsofaffin kwamfutoci da aka jingine a sito suna shan ƙura. A fito da su, a ba ɗalibai ko da darasi biyu a zango, maza da mata, malami ya sassauta waya ko ya ɗaga RAM, ya ce su nemo. Abin da za su koya ya wuce kwamfuta. Za su koyi duba abu kafin yanke hukunci, da fara bincike daga mai sauƙi, da riƙe hankali sa'ad da kowa ya ruɗe. Ma'aikaciyar jinya tana bukatar wannan hali, haka manomi, haka mai shari'a.

Ita dai 'yar maƙwabciyarmu, da taimakon rubutunta na hannu da wasu babi biyu da malaminta ya duba ya mayar mata a takarda, ta sake aikin cikin mako uku, ba barcin kirki, ta miƙa a makare bayan roƙo. Yanzu in ta rubuta shafi biyar sai ta aika wa kanta. Ku da kuke barinmu bana, da yawanku za ku riƙe kwamfuta a manyan makarantu, wata rana kuma za ta ƙi tashi. Ran nan ku zauna tukuna, ku ɗauki takarda da biro, ku fara daga soket. Allah ya ba da sa'a.